Maganin tsutsar ciki ga mai borin jini: wanne za ki saya, wanne za ki bari a kan kanta?

Yarinyata ta fari tana da shekara huɗu aka ba ta Septrin saboda tari. Kwana shida da farawa leɓɓanta suka tsattsage, cikin bakinta ya zama gyambo, idanu suka kaɗa jawur, fatar bayanta ta fara saluɓewa kamar an watsa mata ruwan zafi. Mako biyu muka yi a gadon asibiti. Dama can ko ƙuli-ƙuli ta gutsura sai fuska ta kumbura, kifi kuwa ba ya shiga tukunyarmu. Tun daga ranar duk ƙwayar da za ta shiga bakinta sai na bi takardar cikin kwalin layi-layi.

Bara, tana shekara tara, ta fara kukan ciwon ciki, ta rage cin abinci, ga susar dubura da ke hana ta barci. Kakarta ta ce, "Ke dai je kemis ki karɓo mata na tsutsa, duk yaran gidan nan shi suke sha." Ga sauran yaran, gaskiya Hajiya ta faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan biliyan 1.5 na ɗauke da tsutsotsin da ake ɗauka daga ƙasa, shi ya sa a yankuna irin namu ake raba wa 'yan makaranta maganin kyauta ba tare da an yi wa kowa gwaji ba, kuma tsarin yana da amfani ƙwarai. Amma wanda jikinsa ya taɓa yi wa magani bore ba ya bin sahun jama'a. Kowace ƙwaya a wajensa kasada ce, don haka dole a san saboda me za a sha ta.

Hanya mafi arha ita ce ta kemis, ita ce kuma na fi tsoro. Na je, na yi wa yaron shagon bayani dalla-dalla. Ya ce, "Hajiya, ai haɗi za mu yi mata," ya zuba Vermox da Flagyl da wasu jajayen ƙwayoyi marasa kwali a farar leda. Na ajiye masa kayansa na fito. Haɗa Vermox da Flagyl abu ne da aka saba a unguwanninmu, alhali a 1996 a Taiwan an ga ma'aikata 'yan Filifin da dama sun kamu da ciwon nan mai saluɓe fata da ake kira Stevens-Johnson, irin wanda Septrin ya jawo wa 'yata, kuma da aka bi diddigi sai aka tarar sun sha mebendazol, wato Vermox, tare da metronidazol, wato Flagyl, don su tsallake gwajin tsutsa na neman aiki. Ban da wannan, idan an sha magani uku a lokaci guda jiki ya yi bori, wa zai ce ga mai laifin? Sai a haramta wa mutum dukkansu, har da wanda wata rana zai iya ceton ransa.

Abin da na fara kashe wa kuɗi shi ne gwaji, kuma ko da ya fi maganin tsada, shi na fi ba ki shawara. Sai dai gwajin ma iri-iri ne. Awon bayan gida sau ɗaya yakan fito babu komai alhali tsutsar na nan, domin ba kullum take zuba ƙwai ba. Ki nemi a yi sau uku a ranaku daban-daban, a kai shi da ɗuminsa, kada ya haɗu da fitsari. Mu namu duka bai nuna komai ba. Sai wani likitan yara ya ce, "Maman yara, mai susar dare ba a bayan gida ake kama ta ba." Ya sa na samo salatif mai garai-garai, da asuba kafin ta yi wanka ko ta zaga na manna a bakin duburarta, na ɗaye, na liƙa a ɗan gilashin da suka ba ni. A nan aka ga ƙwan ƙananan fararen tsutsotsin nan masu kama da guntun zare, waɗanda ke fitowa cikin dare su yi ƙwai a fata.

Idan akwai jini a ƙarshen fitsari, ko yaro na wanka a kududdufi da magudanan noman rani irin na Kura da Kadawa ko na Bakolori, to tsargiya ake zargi, kuma fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan. Gwajin jini kuwa ki yi hattara da fassararsa. Akwai wasu fararen ƙwayoyin jini, iyosinofil, da ke hawa idan da tsutsa, amma suna hawa ga mai asma da mai borin jini ko babu tsutsa ko ɗaya. Ga irin yaranmu hawansu kaɗai bai isa hujja ba. Haka nan kumburin ciki da gudawa bayan shan madara ko fura da nono na iya zama rashin narkar da sukarin madara ne, ciwon saman ciki kuma na iya zama ƙwayar cutar gyambon ciki. Maganin tsutsa ba ya taɓa ko ɗaya cikinsu.

In an gano mai laifin, sai a zo zaɓe. Albendazol, wanda aka fi sani da Zentel, shi ne gama-gari: miligiram 400 sau ɗaya ga wanda ya kai shekara biyu, rabin haka ga ɗan wata 12 zuwa 23. Yana kashe macijin ciki, ya kuma fi ɗan'uwansa ƙarfi a kan tsutsa mai ƙugiya, wadda ke shiga ta tafin ƙafa tana tsotse jini. Ɗan'uwan nasa mebendazol ne, wato Vermox, ana shan miligiram 500 sau ɗaya ko 100 safe da yamma kwana uku. Abin da ke jan hankalin mai jiki irin na 'yata shi ne mebendazol kaɗan ne daga cikinsa ke ratsawa zuwa jini, yawancinsa a hanji yake aikinsa ya fita. Albendazol kuwa idan an sha shi da abinci mai maiƙo, abin da ke shiga jini yakan ninka har kusan sau biyar. Wannan alheri ne in tsutsar a hanta ko ƙwaƙwalwa take, amma in a hanji take ba a bukatarsa. Biyun dangi ɗaya ne, wanda ya yi bori da ɗaya kada ya gwada ɗayan. Mai ciki a watanni ukun farko ta nisance su. Ba sa cikin dangin Septrin da Fansidar, wannan ya ɗan kwantar mini da hankali da na ji.

Firantel, wato Combantrin, danginsa daban ne. Shanye jikin tsutsa yake yi, ta saki hanji ta fita da bayan gida, shi ma kaɗan ne ke shiga jini. Ana lissafa shi da nauyi, miligiram 11 ga kowane kilo, kada ya wuce giram ɗaya. Yana yi wa macijin ciki da mai ƙugiya da ta susar dare, amma ba ya yi wa tsutsa mai kama da bulala, balle tsila. Ga ƙarancin faɗin aikinsa, amma in an riga an san tsutsar, wannan ba aibi ba ne. Ketrax, wato lebamisol, da muka tashi muna sha tun muna yara, har yanzu yana kasuwa kuma yana aiki a kan macijin ciki. Ni dai na tsallake shi, domin an san yana iya rushe fararen ƙwayoyin jini da jawo ƙuraje, musamman in an daɗe ana sha, har aka janye shi daga kasuwar maganin mutane a Amurka a 2000.

Tsargiya da tsila nasu daban. Tsilar da ke fitowa guntu-guntu kamar farin ƙyalle, daga naman shanun da bai gasu ba take zuwa, tsire ko balangun da cikinsa ke ja. Maganinsu firazikwantel, Biltricide: miligiram 40 ga kowane kilo don tsargiya, 5 zuwa 10 don tsila. Ɗaci ne da shi sosai, a haɗiye bayan an ci abinci, kada a tauna. Nan ne ake ruɗewa, domin idan tsutsotsin suka fara mutuwa jiki kan tayar da jiri, murɗar ciki, zazzaɓi, har da borin jini, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon tashin. Raba wannan da ƙin maganin kansa aikin likita ne, saboda haka kada a sha shi a gida a ɓoye. Mai shan rifamfisin na tarin fuka ya faɗa tun da wuri, domin yana karya ƙarfinsa.

Akwai wata magana da nake so duk mai borin jini ya riƙe. Yawancinmu mun saba da deksametazon da firednisolon, da jiki ya fara ƙaiƙayi sai a afa. Akwai wata siririyar tsutsa, sitirongiloid, da ke iya zama a jikin mutum shekaru da dama shiru tana hayayyafa. Irin waɗannan magungunan suna kwantar da garkuwar jiki, sai ta samu sarari ta bazu har huhu da jini, kuma hakan na kashewa. Maganinta aibamektin, wanda ake rabawa da sunan Mectizan don makantar rafi tun 1987. Ba a ba wa yaron da bai kai kilo 15 ba. Wanda kuma ya zauna a dazukan Kamaru ko na kudancin Najeriya, kamar 'yan'uwanmu fatake, ya gaya wa likita, domin can akwai tsutsar da ke ratsa ido, in ta yi yawa a jini aka sha aibamektin tana iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Flagyl ba maganin tsutsa ba ne. Na ƙananan halittun da ke kawo atuni da gudawa mai kumfa da wari ne, giyadiya da amiba. Tinidazol ɗan'uwansa ne, ƙin ɗaya ƙin ɗayan ne.

Wani lokacin ma ba maganin ne jiki ya ƙi ba, kayan haɗinsa ne. Ƙwayoyin taunawa da na ruwa, waɗanda aka yi wa zaƙi da launi don yara, su suka fi tara tarkace: laktos, sitacin alkama, ƙamshin lemo, da rini irin E102 da E110 da kan tayar wa wasu mutane ƙaiƙayi. Kamfani biyu na iya yin magani ɗaya da kayan haɗi daban. Shi ya sa nake sayen kwali sukutum mai takarda a ciki, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a famasin da akwai ƙwararre a zaune, ba falle ɗaya da aka yanka da almakashi ba. Farar ƙwaya zalla ta fi mini mai launi.

Na gargajiya fa? Ba na raina shi, da shi aka raine mu. A Ile-Ife an yi gwaji a kan yara 60, aka buga sakamakon a 2007: cikin 30 da aka ba busassun 'ya'yan gwanda da zuma, 23 bayan gidansu ya fita tas, cikin 30 da aka ba zuma zalla kuwa 5 ne kawai. Abin ƙarfafa gwiwa ne, amma gwaji ɗaya ne ƙarami, kuma mai ƙin robar safar hannu yakan ƙi gwanda. Tafarnuwa da 'ya'yan kabewa a abinci ba laifi ga wanda jikinsa ya saba da su. Man darbejiya kuwa an sha ganin ya jefa jarirai cikin jijjiga da suma a Indiya da Malesiya, kada ya kusanci bakin yaro. Wanda na fi ƙi shi ne jarkar wankin ciki ta masu lasifika a tasha, da takwararta ta kwalba mai tsada da ake tallatawa a TikTok da Facebook. Ta tashar babu mai gaya miki saiwa nawa ke ciki. Ta intanet yawanci tazargaden Turawa ne da kanumfari da ɓawon wani goron itace na Amurka, wanda shi kansa yana cikin abubuwan da masu ƙin 'ya'yan itatuwa masu maiƙo ke gudu. Dogayen zaruruwan da suke nunawa a bidiyo wai tsutsa ce ta fita, galibi majinar hanji ce da ragowar maganin. Ga kuma masu cewa a daina sukari, a daina tuwo, a daina madara don a kashe tsutsa da yunwa. Yarinyar da dama an hana ta gyaɗa da kifi, in na ƙara tsuke mata abinci, ita za ta rame, tsutsar tana nan.

Likitanmu ya zaɓi firantel. Ya auna ta, ya lissafa, ya ce mu zo da safe ranar aiki, ba ranar da take mura ko tari ba, kuma kada ta ci wani sabon abu a ranar. A barandar asibitin ta haɗiye, muka zauna awa biyu kusa da ɗakin da na tabbatar akwai allurar adirenalin. Na dage a kan wannan domin Piriton na rage ƙaiƙayi ne kawai. In harshe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya fara fito, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, adirenalin a cinya shi ne magani, kuma mintuna ake ƙirgawa. Irin na Septrin kuwa ba ya zuwa a ranar, yakan ɗauki kwanaki har makonni, saboda haka kullum da safe sai na duba bakinta da idanunta, na taɓa goshinta.

Sauran mutanen gidan duka suka sha nasu a rana ɗaya, har Hajiya, domin wannan tsutsar ta farce da zanin gado take zagaye gida. Na yanke mata farce, na tafasa ruwa na wanke zannuwa da kamfai na shanya a rana, wanka kuma da sassafe. Bayan mako biyu muka koma barandar nan ta sha na biyu, saboda maganin ba ya kashe ƙwai. A dare na huɗu da shan farko na farka kamar yadda na saba don in riƙe mata hannu, na tarar ta yi ɗaiɗai tana barci. Kwalin yana cikin jakata har yau, na rubuta kwanan wata da sunan kamfanin a jikinsa, kusa da katin da ke ɗauke da sunayen Septrin da Fansidar da jan biro.