Jelatin ko agar-agar: wanne zai jure zafin Maraɗi a hannun yara?

Maman Hanifa, kin tambaya wanne ya fi tsakanin jelatin da agar-agar idan ana so a daskarar da ruwan ƴaƴan itace ya yi tauri, a yanka ƙanana-ƙanana, yaro ya ɗauka da hannu ba sai da cokali ba, har a sa masa a kwanon lakwal. In dai abin zai fita daga gida ne, agar-agar zan zaɓa miki. In kuma a gida za a ci, daga firigo zuwa bakin yaro, jelatin ya fi daɗi nesa ba kusa ba.

Jelatin daga fata da ƙashin dabba ake fitar da shi. Kin san yadda romon ƙafar saniya ke daskarewa idan ya kwana a lokacin sanyi? To shi ne wannan, an dai tace shi an busar, ya zama gari ko fallaye. Wannan ya sa dole ki karanta jikin kwalin kafin ki biya kuɗi, domin da yawa daga cikin wanda ke zuwa daga Turai na alade ne. Idan kin ga an rubuta "porc", ajiye shi. Nemi wanda aka rubuta "bovine", wato na saniya, tare da tambarin halal, ko na kifi. Idan ba a rubuta komai ba, ko mai kanti ya zuba shi a leda yana aunawa, ni dai ba zan ba ƴaƴana ba. Agar-agar kuwa daga wata jar ciyawar teku ake samun shi, mutanen Japan sun daɗe suna girki da shi, babu dabba a ciki, saboda haka hankalinki kwance ta wannan ɓangaren.

Babban bambancinsu wajen zafi ne, kuma a garin nan shi ne maganar. Jelatin yana fara narkewa tun kafin zafi ya kai digiri 35. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce 40. Abin da kika yanka da safe gwanin sha'awa, kafin a fito tara ya koma ruwa mai danƙo a ƙasan kwano, ya jiƙa biskit, ya ɓata littafi. Haka ma idan kuran ya ɗauke da rana firigo ya huce. Agar-agar idan ya kama, ba ya sake narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, don haka rana ba ta da abin da za ta yi masa. Sai dai yana fara kamawa ne idan ya huce ya sauko ƙasa da digiri 40, wanda ke nufin da tsakar ranar bazara ɗakin girkinki kansa zai iya hana shi. Ki ɗora tiren a cikin roba mai ruwan randa, ko ki sa a firigo na rabin awa. Da ya kama, shi ke nan. Amma rashin narkewa ba ya hana ruwan mangwaro tsami a cikin zafi, wanda ya je lakwal ya dawo kada a ajiye shi don gobe.

Awo ma ba ɗaya ba ne. Don ya yi taurin da za a ɗauka da hannu, jelatin yana son kamar giram 7 a kowane kofi mai mililita 250, wato giram 28 a lita guda. Agar-agar giram 2 ya isa kofi guda, ƙaramin cokalin shayi ke nan, ba a tula ba. Kada tsadar ɗan ƙullinsa ta firgita ki, kaɗan ake sawa.

Wajen haɗawa kowa da halinsa. Jelatin ba ya son tafasa. Ki barbaɗa garin a kan kofi guda na ruwan mai sanyi, ki bar shi minti 5, za ki ga ya shanye ruwan ya kumbura, samansa ya yi yamutsa-yamutsa. Sai ki ɗumama sauran ruwan har ya fara tururi, ki juye a kai, ki yi ta motsawa har ki daina ganin ƙwayoyinsa a bayan cokali. A firigo zai yi awa 3 zuwa 4, ba a wajen ƙanƙara ba. Agar-agar shi kuma sai ya tafasa. Ki kaɗa shi a ruwan tun yana sanyi, ki ɗora a wuta, ya yi minti 2 yana tafasa kina motsawa. Ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi: idan cikin minti guda ya tsaya, kin dace. Idan bai tsaya ba, ƙara ɗan gari ki sake tafasawa, ba ya lalacewa.

Sai batun ƴaƴan itacen. Ɗanyar abarba, gwanda da ɗanyar citta suna da sinadarin da ke cinye jelatin, ko kwana zai yi a firigo ba zai daskare ba. Sai kin tafasa ruwansu tukuna, ya ɗan huce, sannan ki haɗa. Agar-agar bai damu da waɗannan ba, tsami ne ke rage masa ƙarfi idan suka daɗe tare a wuta. Don haka ga tsamiya, lemun tsami ko zoɓo, ki dafa shi daban a ruwa da sukari, ki sauke, ki zuba ruwan mai tsamin da ɗuminsa. Idan kika zuba mai sanyi zai yi gudaji nan take. Mangwaro nunanne da aka markaɗa da kankana suna fitowa da kyau, su ba sa ma buƙatar sukari sosai.

Inda nake so ki fi lura shi ne bakin yaro. Jelatin yana da laushi, yana ɗan rawa a hannu, kuma ɗumin baki kawai yana narkar da shi. Agar-agar ba ya narkewa a baki, karyewa yake yi, sai an tauna. Ga ɗan shekara shida wannan ba komai ba ne, amma ga wanda bai kai huɗu ba, guntu mai tauri da santsi yana iya sarƙe shi. Idan akwai ƙanana a gidan, ki rage musu agar-agar ɗin zuwa rabi su ci da cokali, ko ki yi musu da jelatin na halal ki yanka siriri-siriri. Ko wanne ne, a zaune za su ci kina kallo, ba suna guje-guje a tsakar gida ba.

Don na lakwal ɗin Hanifa, fara da wannan: kofi biyu na markaɗaɗɗen mangwaro, kofi biyu na ruwa, giram 8 na agar-agar, sukari cokali biyu ko uku gwargwadon zaƙin mangwaron. Ki zuba a tire kada kaurinsa ya wuce faɗin yatsa, ki yanka da wuƙar da kika jiƙa. Abin da ya rage ki rufe shi a firigo, a cinye cikin kwana 3, kuma idan kin ga ɗan ruwa ya tsatso a ƙasan robar, halinsa ne, ki tsiyaye kawai.