Echo Meter Touch 2 a bakin kogunan Mulu: a sayi Pro ko a haƙura

Echo Meter Touch 2 ƙaramar na'ura ce ta kamfanin Wildlife Acoustics na Amurka. Ana cusa ta a wurin cajin waya, ta ɗauki kukan jemage da kunnen mutum ba ya ji, ta zana shi a fuskar wayar nan take. Ga mai aikin tantance jemagu a kogunan dutsen farar ƙasa irin na gandun Gunung Mulu a Sarawak ta Maleshiya, kayan aiki ne mai kyau, amma sai an san inda ƙarfinta ya tsaya.

Iri biyu ce. Ta gama-gari tana kama sauti zuwa 128 kHz (kHz ma'aunin kaifin sauti ne), Pro kuma har 192 kHz. A Turai wannan bambanci bai cika damun kowa ba. A Borniyo, tsibirin da Sarawak take, shi ne komai, domin wasu ƙananan jemagu masu hancin ganye, dangin Hipposideros, kukansu ya haura 128 kHz. In ta gama-gari ce a hannunka, za su yi ta wucewa ta gabanka, wayar ta nuna babu kowa, ka rubuta cewa kogon ba su a ciki. Wannan kuskure ne mai ɓata taswirar bincike gaba ɗaya.

Inda ta fi burgewa shi ne dangin Rhinolophus da Hipposideros, masu riƙe sauti ɗaya a miƙe. Layinsu yana fitowa sarai, a karanta adadin, a gwada da rikodin da aka ɗauka daga jemagen da aka kama aka auna a yankin. Dole ya zama na yankin, don jinsi ɗaya kan sauya murya daga tsibiri zuwa tsibiri.

Manhajar wayar da ke aiki da na'urar tana da tantancewa ta kai tsaye, sai dai rumbunta na Amurka ta Arewa da ta Kudu ne, da Turai, da Afirka ta Kudu. A kashe ta a kudu maso gabashin Asiya, in ba haka ba ta laƙaba sunan baƙon jemage.

Kada a ɗauka a cikin kogo. Amsa-kuwwa tana cakuɗa zanen, danshi kuma yana taruwa a makirufo. A tsaya waje, a gefen hanyar fitarsu, kafin magariba. A Kogon Barewa, ɗaya daga cikin kogunan Mulu, lokacin da miliyoyin jemagu masu tamojin leɓe ke ɓarkewa, kukan yakan haɗe ya zama dunƙule, don haka a ja nesa a ɗauki ɗaiɗaikun da suka ware. Idan Pro tana ɗaukar rikodi a iyakar ƙarfinta, minti ɗaya yana cin kusan megabait 46, kuma batirin wayar na'urar take sha, sai a tafi da fawa banki da busasshiyar jaka mai silika, wato ƙwayoyin da ke tsotse danshi.

Jemagen Eonycteris spelaea, mai barbarar furen itacen marmarin duriyan, ba ya irin wannan kuka, saboda haka na'urar ba za ta nuna shi ba. Shi sai da raga, da awon tsawon hannunsa, da izinin hukumar gandun dajin Sarawak.