Indiketa ko karatun kyandir: wanne ya fi a gajeren ciniki?

Wani ɗan'uwa daga Fagge ya yi tambaya jiya: yana cinikin zinare a kyandir na minti 5 (zanen da ke nuna motsin farashi na kowane minti 5 a allo) da lebarej 1:100 (damar yin cinikin da ya ninka jarinsa sau 100), shin ya dogara da indiketa (ma'aunin da kwamfuta ke lissafawa don nuna inda farashi ya dosa), ko ya koyi karanta farashi tsagwaronsa?

Ƙanena, indiketa irin su RSI da MACD duk daga farashin aka tatso su. RSI, wadda Welles Wilder ya fitar a 1978, kyandir 14 na baya take lissafawa, ta ba da maki daga 0 zuwa 100; in makin ya haura 70 sai a ce kaya ya yi tsada. A minti 5, labarin minti 70 da suka shige ke nan. Alherinta ɗaya: ba ta da son zuciya, 70 dai 70 ce ko ranka a ɓace yake. Illarta zuwa a makare. Kuma in zinare ya miƙe hanya, sai ta yi awanni sama da 70, kana ta sayarwa wai ya yi tsada, shi ko yana ta hawa abinsa.

Karatun farashi kuwa shi ne abin da ɗan canji a Wapa ke yi ba kwamfuta: ya san inda masu saye ke tururuwa, ya san inda suke ja da baya. A allo, za ka ga farashi ya taɓa wuri guda sau uku yana dawowa, ya bar dogon lagwani (siririn layin da ke jikin kyandir, mai nuna inda farashi ya kai ya dawo) a ƙasa. Ka riga indiketa gani. Sai dai ido maƙaryaci ne. Na sha zana layi inda zuciyata ke so, ba inda kasuwa ta tsaya ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne lebarej ɗinka. Dala 100 ta riƙe maka cinikin dala 10,000. Farashi ya juya maka baya da kashi 1 cikin 100, jarin ya tafi. Hukumar kasuwannin Tarayyar Turai ta taƙaita wa ƙananan 'yan kasuwa lebarej ɗin zinare zuwa 1:20 a 2018, bayan ta gano kashi 74 zuwa 89 na asusunsu asara suke yi.

Ni dai da kyandir nake shiga, layin matsakaicin farashi guda na awa 1 ya nuna min alƙibla, in sa iyakar asara (farashin da ciniki zai rufe kansa in kasuwa ta juya min baya) a bayan lagwani. Juma'ar farkon wata kuma, rahoton ayyukan yi na Amurka, mai girgiza farashin zinare, kan fita da 1:30 ko 2:30 na rana agogonmu, daidai muna masallaci. Nakan rufe komai kafin alwala.