Mai zanen da ya gyara mana ajujuwa

Da kuɗin da iyayen yara suka tara bayan girbi muka ɗauko wani mai zane daga Rano ya gyara mana ajujuwa 3 a firamaren ƙauyenmu. Kwana 5 ya yi. Taswirar Najeriya da jadawalin lissafi sun fito tsaf, kuma fentin mai ya sa, ba mai goguwa da hannu ba. Rubutunsa na Larabci kuwa, kai ka ce gwanin tsangaya ne.

Nan muka ɗan tsaya. Ya so ya cika saman allo da ayoyi, na ce masa, "Malam, a aji 4 akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Kiristoci." Makarantar gwamnati ce. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin nata, sashe na 38 kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi karatun addinin da ba nasa ba. Ko a Amurka, a 1980 kotun ƙoli ta soke dokar jihar Kentucky ta liƙa Dokoki Goma na Littafi Mai Tsarki (Baibul) a aji.

Bai yi musu ba. A bangon masallacin makaranta ya rubuta ayoyin, sun yi kyau ƙwarai.

Ƙorafina ɗaya: ya bar gwangwanayen fenti a fili, yara suka ɓata rigunansu.