Guzurin kwana shida a duwatsun Volta na Ghana: a ɗauka daga Nima ko a saya a hanya?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra ya tambaya: shi da abokansa biyu za su taka da ƙafa daga Amedzofe zuwa Wli, ta Liati Wote su hau dutsen Afadjato, kwana shida. Su ɗauki abincin duka daga Accra, ko su riƙa saye a ƙauyukan hanya, ko su tura kaya gaba da direba?

Malam, fara da sikeli, kada ka dogara da olonka, gwangwanin awon kasuwa. Mai hawan dutse da kaya a baya yana ƙona kalori 3,000 ko fiye a rana. Busasshen abinci giram 700 ya kusa biyan wannan: garin rogo 200, soyayyar gyaɗa 150, shinkafa ko Indomie 150, madarar gari da sukari 100, dabino 100, sai cokali biyu na mai. Kwana shida ke nan kilo 4 da ɗoriya a kan kowane mutum, ban da ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce. Mai nauyin kilo 70 bai kamata jakarsa ta wuce kilo 14 da yawa ba, har da tanti da tukunya.

Idan ka ɗauko komai daga gida, ka huta da ciniki, kuma ka san abin da kake ci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don miyar ƙauye sau da yawa da naman daji ake yinta, ba ka san yadda aka yanka ba. Kilishi da ƙuli-ƙuli kuwa a zango ake samunsu. Wahalar ita ce ranar farko da ta biyu, lokacin da jaka ta fi nauyi, ga gangaren Amedzofe yana cin gwiwa. Sannan yankin akwai laima. Kilishin da aka naɗe a takarda kwana uku zai yi laushi ya fara fumfuna. A saka shi a leda mai zif, a raba na kowace rana daban, don kada a riƙa buɗe duka. Shito, wato soyayyen barkono cikin mai, yana daɗewa muddin mai ya rufe samansa, amma jiƙaƙƙen cokali ɗaya ya isa ya lalata kwalba. Burodi kada ya wuce na kwana biyu. Sukari a gora mai murfi, in ba haka ba kiyashi ne zai riga ka.

Saye a hanya yana rage nauyi sosai, don a wannan yankin da wuya ka yi yini ba ka ratsa ƙauye ba. Ayaba, lemo, ƙwai, sardin gwangwani, dokunu (curin masara da ake naɗewa a ganye) da piya wata duk ana samu a kanti ko a bakin titi. Sai dai kasuwar ƙauye ba kullum take ci ba, mai kanti yakan kulle ya tafi gona da safe, ranar Lahadi kuma kowa yana coci. Kuna iya isa da yunwa ku tarar da biskit da lemon kwalba kawai. MoMo, wato kuɗin waya, ma ba abin dogaro ba ne: a cikin kwari sabis yana ɗaukewa, wakili kuma yakan ce ba shi da tsabar kuɗi. Riƙe takardun sidi 5, 10 da 20, don mai ayaba ba ta da canjin 100. Abin da ba za ka samu ba sam shi ne ƙaramin gas na murhun tafiya. Shi ya sa wake ba abincin hanya ba ne, dahuwarsa kaɗai za ta cinye muku gas.

Tura kaya da direba daga tashar Madina yana yiwuwa, amma mota tana sauke kaya ne a garuruwan babban titi kamar Golokwati ko Hohoe, ba ta hawa dutse ta neme ku. Sai kuna da mutum a can da zai karɓa ya ajiye, kuma saukowa ɗauka zai ci muku rabin yini. A tafiyar kwana shida bai cancanci wahalar ba. Da kwana goma sha biyu ne, da mun ce a yi.

Shawararmu: abin da yake da ƙarfi kuma ba nauyi, wato gyaɗa, gari, madara, dabino, kilishi, shito da gas, a ɗauko na kwana shida daga Nima. Mai ruwa da nauyi a saya ranar da za a ci. Kowa ya ware giram 300 na gari da gyaɗa a ƙasan jaka, ba a taɓawa sai ranar da aka tarar da kanti a kulle. Ruwan rafi kuma, komai haskensa, a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka kafin a jiƙa gari da shi.