Takalmin aiki mai hancin ƙarfe da na saya wa yarana a Ƙofar Ƙaura

Masu aikin gini na Katsina, musamman ku da ke da leburori a hannunku, ga abin da na gani game da takalmin sefti ɗin nan. A wani shagon kayan gini na wajen Ƙofar Ƙaura na saya wa yarana tun farkon damina, kuma gaskiya ya biya kuɗinsa.

Ni dai yawancin ciwon ƙafa da nake gani wurin aiki daga kayan da aka ajiye a ƙasa yake zuwa. Rodi 16mm guda ɗaya mai tsawon mita 12 ya kusa kilo 19, to ka ƙiyasta an kwance ɗaurinsa a gangare ya mirgino kan yaro mai silifas, sai dai gidan mai ɗori wallahi. Haka faif da zoben kwalbati, ga bulo in an jera shi kan jiƙaƙƙiyar ƙasa ruwa ya ci gindinsa ya zame.

Ranar da muke sauke rodin dakin (wato rufin kankare), ɗauri guda ya kufce daga kan katako ya danne wa wani yarona ƙafa, fatar hancin takalmin ta yage har ƙarfen ya fito, amma da ya cire yatsunsa lafiya lau, ko jini babu. Alhamdulillah.

Sai dai takalmin yana da nauyi, ga zafi, yara na ƙorafi da rana. Kuma yatsu kawai yake karewa, saman ƙafa da ƙwauri suna nan a fili, shi ya sa har yanzu ba na yarda a ajiye faif ko rodi ba a sa waigi ba, siminti kuma mai kilo 50 kada a jera shi ya wuce kafaɗa. Takalmi guda ɗaya ƙasansa ya ɓalle saboda yawan shiga kwaɓi, mai shagon ya canza mana ba gardama, Allah ya saka masa.

Akwai jabu sosai a kasuwa. Ka danna hancin da ƙarfi, ka duba cikin harshen takalmin ko an rubuta EN ISO 20345, shi ne wanda aka gwada da bugun da ya kai kamar kilo 20 ya faɗo daga tsayin mita ɗaya.

Alhaji mai shago don Allah a riƙa kawo lamba 45 da 46, manyan leburorina biyu har yau ba su samu ba.