Ajin yamma na koya wa yara abota a Jidda, ga yadda na same shi

Salamu alaikum iyaye 'yan uwana na Jidda. Tunda tambayoyi sun yi yawa a kan ajin nan da na sa yarona, gara in yi bayani gaba ɗaya kowa ta ji. Wata abla ce, wato malama, take yi a wani ɗan markazi can wajen Kandara, bayan la'asar, yara 'yan ibtida'i, wato firamare, daga aji 1 zuwa aji 3. Ba lesin ɗin hisabi ba ne ba kuma tahfiz ba, zama da mutane kawai take koya musu, yaani yadda yaro zai yi aboki ya riƙe shi, yadda zai ba da haƙuri, yadda zai tausaya wa na kusa da shi.

Na san wata za ta ce ai madrasa na yin wannan. Gaskiya ne akwai makin suluk na ladabi, akwai muwajjih mai ba ɗalibai shawara, ma'aikatar ilimi ma tana da shirin Rifƙ na rage duka da cin zali a makarantu. Amma yara sun yi yawa, lokacin fusha, wato fita tara, wane ustaz ne zai iya bin kowa ya ga wa aka ture a layin maƙsaf inda ake sayen abinci, wa yake zaune shi kaɗai a gindin bango? Kuma tun 2020 da korona ta mayar da karatu Madrasati, manhajar karatu ta intanet, aifad (iPad) ya zama abokin yaranmu, har ƙannensu da suka taso daga baya sun gaji abin.

Abin da ya sa nake yabon matar nan, ba ta tsaya a wa'azi ba, sa su take su yi da kansu. Za ta ba yara biyu ƙwallo su fara wasa, sai ta turo na uku ta ce je ka nemi shiga, in ya je ya fizge sai ta dawo da shi ya sake, har sai ya iya tsayawa ya ce zan iya wasa da ku? Su ma masu ƙwallon ana koya musu amsa, ko su ce zo, ko su ce jira mu gama wannan, banda kora. Ban haƙuri ma haka, ba ta karɓar asif (yi haƙuri) ɗin nan da yaro yake jefowa yana kallon gefe, sai ka kalli ɗan uwanka ka faɗi abin da ka yi masa da bakinka. Wallahi ranar da yarona ya ce wa ƙanwarsa ki yi haƙuri na yaga miki littafi, ba tare da na sa baki ba, sai da na ji ƙwalla.

Hadisan ma duk waɗanda muka sani ne, na 13 a Arba'una, imanin ɗayanku ba ya cika sai ya so wa ɗan uwansa abin da yake so wa kansa, da na abokin kirki da abokin banza, mai turare da mai zuga wuta. Ranar hadisin mai turaren ta zo da kwalbar almiski ta shafa wa yaro ɗaya, ta ce ya zagaya ya gaisa da kowa, kowa ya shinshina hannunsa. Har yau yaron bai manta ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai. Duk mai ɗa baƙar fata a garin nan ta san sunayen da wasu yara suke kiran namu da su, nawa har ya kai ba ya so in yi masa Hausa a bakin madrasa. Abla ba ta kauce wa zancen ba, ta karanta musu aya ta 11 a Suratul Hujurat da ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, sannan ta koya musu cewa wanda ya ga ana tsokanar wani shi ma da aikinsa, ya je ya tsaya kusa da shi ko ya kira babba. Ajin a haɗe yake, Hausawa, 'yan Yaman, 'yan Sudan, 'yan ƙasa, kowa ya ji da kunnensa.

Inda ban ji daɗi ba, ɗakin ƙarami ne kuma mukayyif ɗin, wato AC, ba ya ja, ga zafin Jidda da gumi. Komai da Larabci ake yi, yaron da bai daɗe da zuwa daga gida ba zai sha wuya kafin ya kama. Ana tashi dab da magariba, zahma, wato cunkoson motoci, ta cika titi, in ba ki da mai ɗauko miki sai kin yi lissafi. Kuma akwai ɗan aikin gida, kamar yaro ya yi wa maƙwabci wani alheri ya zo ya ba da labari, in uwa ba ta bi ba halas abin a aji yake tsayawa.

Kuɗin wata bai fi ki kai 'yan gida gidan abincin Albaik sau biyu ba. Wadda ɗanta yake da kunya sosai ko saurin hannu ina ba ta shawara ta gwada, amma ki nemi ki zauna a bayan aji ranar farko ki gani da idonki, ni ta bar ni na zauna. 'Yan aji 4 zuwa 6 dai ba ta karɓa tukuna, mun roƙe ta ta ce sai ta samu ɗaki babba.